PhET: Sharhi Kan Ɗakin Gwajin Fiziks Na Kyauta Da Ke Shiga Cikin Waya Da Kwamfuta

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji cike da ɗalibai, da alli a hannunsa, yana ƙoƙarin fahimtar da su cewa akwai wani abu da ke gudana a cikin wayar lantarki, abin da ido ba ya gani kuma ba a son hannu ya taɓa, ya san inda wahalar koyar da fiziks take. Yaranmu ba su da matsalar hadda. Ka ba su dokokin motsi uku na Newton yau, gobe za su kawo maka su ba tuntuɓe. Amma ka tambaye su dalilin da ya sa fasinja yake tafiya gaba idan direba ya taka burki da ƙarfi, sai aji ya yi tsit, alhali kuwa amsar ita ce dokar farko da suka gama rerawa. Wannan giɓin da ke tsakanin hadda da fahimta shi ya sa na fara amfani da PhET a darussana na babbar sakandare, kuma bayan na shafe zangunan karatu da dama ina aiki da shi, na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin amfanin malamai da iyaye da su kansu ɗaliban.

PhET tarin gwaje-gwajen kwaikwayo ne na kimiyya da lissafi da Jami'ar Colorado da ke garin Boulder a Amurka take samarwa. Wanda ya kafa shi a shekarar 2002 shi ne Carl Wieman, masanin da ya samu kyautar Nobel ta fiziks a 2001 tare da Eric Cornell da Wolfgang Ketterle, kuma da kuɗin wannan kyautar ne ya ɗora harsashin aikin. Da fiziks aka fara, daga baya aka faɗaɗa zuwa kimiyyar sinadarai da ta halittu da lissafi. Kowane gwaji shafi ne guda da ake buɗewa a burauza, inda ɗalibi zai tarar da kayan aiki a gabansa, ya ja wannan, ya tura wancan, ya ƙara ko ya rage wani adadi, ya ga abin da zai biyo baya nan take. Amfani da shafin kyauta ne, kuma ɗalibi ba ya buƙatar yin rajista kafin ya fara. Abin da ya fi muhimmanci ga irin yanayinmu shi ne ana iya sauke kowane gwaji a matsayin fayil guda mai nauyin 'yan megabait, a ajiye shi a kwamfuta, a riƙa buɗe shi ba tare da intanet ba. Na sauke waɗanda nake buƙata sau ɗaya, na zuba su a filashi, kuma tun daga ranar ban sake sayen data domin su ba.

Gwajin da na fara shiga aji da shi shi ne wanda ake kira Forces and Motion: Basics, wato ƙarfi da motsi a matakin farko. Shafinsa na farko wasan jan igiya ne tsakanin ƙungiya ja da ƙungiya shuɗiya, da amalanke a tsakiya. Ɗalibi yana ɗora 'yan wasa manya da ƙanana a kowane ɓangare, sai kibiyoyi su fito suna nuna ƙarfin kowane gefe da kuma abin da ya rage bayan an cire ƙarami daga babba. Wannan ba ya ɗaukar lokaci kafin yara su gane shi, domin sun san wasan. Inda darasin yake da daɗi shi ne a shafi na biyu, inda ake tura akwati a kan allo mai taya a ƙasar da babu gogayya ko kaɗan. Na tura akwatin na ɗan lokaci, sannan na sa mutumin da ke turawa ya cire hannunsa, na tambayi aji abin da zai faru. Kusan kowa ya ce zai rage gudu ya tsaya. Akwatin kuwa ya ci gaba da tafiya, allurar gudunsa tana tsaye cak a wuri ɗaya, duwatsu da gajimare suna ta wucewa a bayansa. Muka jira minti ɗaya, muka jira biyu. Wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to me zai tsayar da shi?" Na ce masa wannan ita ce tambayar da Galileo ya yi, kuma ita ce Newton ya mayar doka a littafinsa na 1687: abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a kan gudunsa da alƙiblarsa har sai wani ƙarfi daga waje ya sa baki.

Dalilin da ya sa wannan dokar take wa ɗalibai wuya a fili yake. Duk abin da suka taɓa turawa a rayuwarsu, daga baro zuwa kurar ruwa, yana tsayawa da zarar an daina turawa, saboda gogayya tana nan ko'ina, ba ta taɓa barinsu su ga motsi tsantsa ba. Babu ɗakin gwaje-gwaje a makarantar sakandare da zai iya kawar da gogayya gaba ɗaya, amma a nan da ɗan maɓalli guda ake kashe ta a kuma dawo da ita, har ƙasar ta koma kamar ƙanƙara ko ta koma tsakuwa. A shafi na ƙarshe ana ganin ƙaruwar gudu da lambobi. Akwati mai kilo 50 da aka tura da ƙarfin niyuton 100 ba tare da gogayya ba, gudunsa yana ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Idan aka musanya shi da firiji mai kilo 200, ƙaruwar sai ta sauko zuwa 0.5. Ɗalibin da ya canza kayan da hannunsa sau uku ko huɗu yana gano dokar Newton ta biyu kafin a rubuta masa ita a allo, kuma idan an zo rubutawar, sai ya karɓe ta a matsayin taƙaitawar abin da ya riga ya gani.

Akwai kuma gwajin harba abu sama, mai igwa da ake ɗura wa kabewa ko ƙwallo ko ma mota. Yana nuna cewa idan babu turjiyar iska, kusurwar digiri 45 ita ce ke kai abu mafi nisa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma digiri 30 da digiri 60 wuri ɗaya suke sauke shi. Yana da kyau, ɗalibai maza musamman suna sonsa, amma ban cika daɗewa a kansa ba, domin yana saurin komawa wasan neman bugun bara.

Wanda na fi yabawa a fannin motsi shi ne Pendulum Lab, gwajin lilo, saboda ya dace da abin da ake tambaya a jarrabawar aiki ta WAEC da NECO, inda auna lokacin kai-komon lilo yake cikin gwaje-gwajen da aka saba kawowa. Ana iya sauya tsawon zare, da nauyin abin da aka rataya, da ƙarfin jan duniyar da ake ciki. Lilo mai tsawon mita 1 yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 2 kafin ya je ya dawo. Idan aka rage zaren zuwa kwata, wato santimita 25, lokacin sai ya koma daƙiƙa 1, ba rabin daƙiƙa ba kamar yadda yawancin yara suke hasashe. Idan aka ninka nauyin abin da aka rataya, lokacin ba ya canzawa, kuma wannan kan ba su mamaki ƙwarai. Sannan ana iya ɗaukar lilon a kai shi duniyar wata, inda ƙarfin ja yake kusan 1.6 maimakon 9.8 na duniyarmu, a ga yadda yake tafiya a hankali har ya kusa cinye daƙiƙa 5. Masu tsara gwajin sun ƙara wata duniya da ba a faɗi ƙarfin janta ba, domin ɗalibi ya auna lokaci ya lissafo shi da kansa. Wannan aikin gida ne mai kyau, kuma ba a iya kwafarsa daga littafi.

A nan ne ma na samu hanyar warware wata matsala da harshenmu yake jawowa. A Hausa kalmar nauyi ita ce muke amfani da ita ga abubuwa biyu da fiziks ya raba: yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilo kuma ba ya canzawa ko ina aka je, da kuma ƙarfin da ƙasa take jan jikin da shi, wanda ake aunawa da niyuton. Buhun masara da aka kai duniyar wata bai rasa ƙwaya ko ɗaya ba, amma ɗaukarsa zai yi sauƙi kusan sau shida. Na sha yin wannan bayanin da baki ba tare da ya zauna ba. Da yara suka ga lambar kilo tana nan yadda take alhali motsin ya canza saboda an sauya duniya, sai bambancin ya fito musu.

Fannin makamashi yana da gwajin da ya fi kowane shahara, Energy Skate Park, inda wani yaro yake sulu a kan allo mai taya a cikin hanya mai kama da kwarya. Wasan kansa baƙo ne ga yawancin ɗalibanmu, saboda haka nakan ce su ɗauka keke ne aka saki daga kan tudu ba tare da an taka feda ba. A gefen allon akwai sanduna masu launi da ke hawa da sauka: shuɗi na makamashin da ke ajiye saboda tsayi, kore na makamashin motsi, ja na zafi, sai kuma sandar jimilla. Yayin da yaron yake gangarowa, shuɗi yana raguwa kore yana ƙaruwa, idan ya fara hawa ɗaya gefen sai su musanya, amma sandar jimilla ba ta motsi. Idan aka kunna gogayya, sai ja ya fara tsirowa a hankali, kowane zuwa da dawowa yaron ba ya kai inda ya kai a baya, har ya tsaya a tsakiyar kwarin, dukkan makamashin ya koma zafi, jimillar kuwa tana nan daram. Ban san wata hanya da ta fi wannan nuna cewa makamashi ba ya ɓacewa, siffa kawai yake sauyawa ba. Daga nan sai in tambaye su dalilin da ya sa burkin babur yake zafi bayan doguwar gangara, kuma a wannan karon hannuwa da yawa suke tashi.

Akwai ɗan'uwansa mai suna Energy Forms and Changes, wanda yake haɗa tushen makamashi da na'ura da abin amfani: ruwan famfo yana juya ƙafa, ƙafar tana juya janareta, janareta yana kunna ƙwan fitila, ko kuma rana tana haska faifan sola, wutar tana tafasa ruwa ko juya fanka. Ana ganin ƙananan alamomi suna tafiya suna canza launi a duk inda makamashin ya sauya siffa. Da shi nake bayanin yadda madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968 a kan kogin Neja, take ba da wuta: ruwan da aka tare a sama yana ɗauke da makamashin tsayi, faɗowarsa motsi ce, motsin yana juya injin, injin yana haifar da lantarki. Gwajin ba ya ba da lambobi da yawa, saboda haka ya fi dacewa da ajin farko na babbar sakandare ko ma ƙaramar sakandare.

Inda PhET ya fi biyan buƙatata shi ne fannin lantarki, kuma a nan zan ɗan daɗe. Gwajin Circuit Construction Kit: DC yana ba ɗalibi wayoyi da batura da ƙwayayen fitila da makunni da fis da na'urorin auna ƙarfin wuta da yawan gudanarta, ba iyaka, ba fargabar wani abu ya ƙone ko ya ɓata. A makarantar da nake koyarwa, kayan lantarkin da ke ɗakin gwaje-gwaje ba su isa a raba wa ɗalibai ba, kuma akan kulle su sai jarrabawa ta matso, don gudun kada su lalace kafin ranar da ake buƙatarsu. Sakamakon haka shi ne yaro yakan kai ajin ƙarshe bai taɓa haɗa waya da batir da hannunsa ba. A wannan gwajin kuwa, cikin minti biyar kowace ƙungiya ta kunna ƙwanta.

Batirin da yake fitowa da farko ƙarfinsa bolt 9 ne, ƙwan kuma turjiyarsa om 10 ce, saboda haka na'urar auna yawan gudanar wuta tana nuna amfiya 0.9, daidai da dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, cewa yawan wutar da ke gudana shi ne ƙarfin batir a raba da turjiya. Wata rana na ce su ƙara ƙwai na biyu a jere da na farko, amma kafin su rufe makunni kowa ya rubuta a takarda wanne zai fi haske. Mafi yawansu suka rubuta cewa wanda ya fi kusa da batir zai fi haske, domin shi zai fara shan wutar ya bar wa na biyu saura. Wata ɗaliba mai shiru-shiru, wadda ba ta cika magana a aji ba, ita ma haka ta rubuta. Da aka rufe makunni, ƙwayayen biyu suka kama da haske iri ɗaya, kowanne ya fi na farkon dushewa, na'ura tana nuna amfiya 0.45. Na ga ta ɗauki na'urar awon ta ɗora kafin ƙwai na farko, ta matsar da ita tsakanin biyun, ta sake matsar da ita bayan na biyu, lambar ba ta canza ba. Ta daɗe tana kallon ƙananan ƙwallayen shuɗi da ke wakiltar ilektiron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar a cikin waya, suna zagayawa a jere, babu wanda ya ɓace a cikin ƙwai. Sannan ta ɗago ta ce, "Malam, ashe ba wutar ce take ƙarewa ba, ƙarfinta ne ake amfani da shi." Wannan jumlar tata ta fi ma'anar da ke cikin littafin da muke amfani da shi fitowa fili, kuma ita ta gano ta.

Bayan haka muka sake haɗa ƙwayayen biyu kowanne a reshensa. Kowanne ya dawo da cikakken haskensa yana jan amfiya 0.9, batir kuma yana fitar da 1.8. Muka cire ƙwai ɗaya, ɗayan bai ko ƙifta ba. Daga nan suka fahimci dalilin da ya sa mai gyaran wuta yake haɗa fitilun gida reshe-reshe, ta yadda mutuwar ƙwan ɗaki ba za ta kashe na zaure ba, da kuma dalilin da ya sa ƙaramin janareta yake nishi idan an jona masa dutsen guga a kan fanka da talabijin. Idan ɗalibi ya haɗa bakuna biyu na batir ɗaya da waya kai tsaye ba tare da wata turjiya ba, batirin yana kamawa da wuta a kan allon. Yara suna dariya idan sun ga haka, amma nakan tsayar da su a wurin, domin wannan shi ne abin da ke faruwa idan wayoyi biyu da robarsu ta ɓare suka haɗu a rufin shago, kuma mun san irin gobarar da ke tashi a kasuwanninmu da dare. Sai mu sa fis a hanyar, mu maimaita, su ga yadda yake tsinkewa ya ceci sauran kayan. Bayan wannan darasin, babu wanda zai ce bai san haɗarin ɗaure fis da ya ƙone da guntun waya ba.

Ƙananan gwaje-gwaje biyu sun cancanci ambato a nan. Ɗaya na balan-balan ne da ake gogawa a jikin rigar sanyi, yana nuna yadda caji yake ƙaura daga wannan jiki zuwa wancan. Ya fi armashi a lokacin hunturu, sa'ad da busasshiyar iska take sa bargo yana tartsatsi cikin duhu, kuma kowane yaro ya taɓa ganin hakan. Ɗayan na dokar Faraday ne, wanda ya gano a 1831 cewa motsa maganaɗisu a cikin naɗin waya yana haifar da lantarki. Ɗalibi yana jan maganaɗisun da yatsa, ƙwai yana walƙiya muddin ana motsi, yana mutuwa da zarar an tsaya ko da maganaɗisun yana tsakiyar naɗin. Kowane janareta, daga na mai cajin waya a bakin titi har zuwa na Kainji, a kan wannan ƙa'idar yake aiki.

A fannin taguwa, wato kaɗawar da ke tafiya kamar igiyar ruwa, Wave on a String shi ne ginshiƙi. Igiya ce da aka jera wa duwatsu kamar carbi, ana kaɗa bakinta da hannu ko da inji. An sa wasu duwatsun da launin kore, kuma idan aka rage saurin hoton, ɗalibi yana bin ɗaya da ido ya ga cewa sama da ƙasa kawai yake yi, ba ya tafiya tare da taguwar. Abin da ke tafiya shi ne makamashi. Ana iya ƙara tsayin taguwa, da yawan kaɗawa a daƙiƙa, da taurin igiya, a kuma ɗaure ƙarshenta ko a sake shi domin a ga yadda taguwa take dawowa a kife ko a miƙe. Da ma'auni da agogon da ke cikin gwajin, yara suna tabbatar da cewa gudun taguwa shi ne yawan kaɗawa sau tsawon zangonta, kuma idan kaɗawa ta ƙaru zangon yana gajercewa. A nan nakan kawo musu rediyo. Iyayenmu da suke kama tashoshin Hausa a kan mita 25 ko mita 31 na gajeren zango, tsawon zangon taguwa suke ambata ba tare da sun kira shi da wannan sunan ba. Taguwar rediyo tana tafiya da gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka mita 25 tana daidai da kaɗawa miliyan 12 a daƙiƙa, tashar FM da ke kan lamba 100 kuwa zangonta mita 3 ne kacal. Sauti kuma, wanda gudunsa a iska bai wuce kimanin mita 340 a daƙiƙa ba, shi ya sa muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa a damina.

Duk da wannan yabon, akwai iyakoki da ya wajaba mai niyyar amfani da PhET ya sani. Na farko shi ne ba ya koyarwa da kansa. Babu darasi a cikin gwajin, babu bayani, babu wanda zai ce wa ɗalibi ga abin da za ka nema. Masu tsara shi da gangan suka yi haka domin yaro ya yi bincike, amma yaron da aka miƙa wa waya aka tafi aka bar shi zai gina hanyar sulu mai lanƙwasa goma, ya ƙona batura, ya harba mota da igwa, ya tashi bai ƙaru da komai ba. Abin da na ga yana aiki shi ne malami ya zo da tambaya, ya sa kowa ya rubuta hasashensa tukuna, sannan a gwada, sannan a tattauna dalilin da ya sa hasashen ya yi daidai ko ya kuskure. Shafin yana da tarin tsare-tsaren darasi da malamai suka rubuta, waɗanda ake samu bayan rajista ta kyauta, sai dai yawancinsu an rubuta su ne domin azuzuwan da kowane ɗalibi yake da kwamfutarsa, kuma dole malaminmu ya sake musu fasali su dace da manhajar karatunmu da yawan yaranmu.

Na biyu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne tsabtar sakamakon. A kan allo, bolt 9 a raba da om 10 kullum 0.9 yake bayarwa. A ɗakin gwaje-gwaje na gaske batir ya yi sanyi, bakin waya ya yi tsatsa, allurar na'ura ba ta zauna a kan sifili ba, kuma wanda ya kalle ta a karkace zai karanta lamba dabam da wanda ya kalle ta kai tsaye. Jarrabawar aiki tana tambayar ɗalibi matakan kariyar da ya ɗauka domin rage kuskure, tana so ya zana jadawali da ɗigogin da ba su faɗa kan layi ɗaya ba, ya nemo layin da ya fi dacewa da su. Wanda bai taɓa ƙirga kai-komon lilo ashirin da agogo a hannu yana tsoron ya ɓata lissafi ba, PhET ba zai ba shi wannan ƙwarewar ba. Gaskiya ne cewa a gwajin lantarki akwai wurin da ake ƙara turjiyar cikin batir da ta waya, kuma yana taimakawa, amma hannu sai ya taɓa kaya. Ina tsoron ranar da wani shugaban makaranta zai ga wannan manhaja ya yanke shawarar cewa babu sauran buƙatar sayen kayan gwaji. Zare da dutse da agogon waya sun isa a yi gwajin lilo na gaske, kuma nakan sa a yi shi a mako guda da na kwamfuta domin yara su kwatanta lambobin biyu su tambayi kansu inda bambancin ya fito.

Akwai kuma wuraren da hoton zai iya dasa kuskure idan malami bai yi magana ba. Ƙwallayen ilektiron suna zagaya waya da saurin da ido yake gani, alhali a wayar gida matsakaicin tafiyarsu ba ta kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba. Abin da ke isa ƙwai nan take idan an kunna makunni shi ne turin da ke ratsa wayar baki ɗaya, kamar yadda ruwa yake fita daga bakin tiyon da ke cike da zarar an buɗe famfo. Haka nan ilektiron suna fita ne daga ɓangaren batir mai alamar ragi, littattafan jarrabawa kuwa suna zana kibiyar wuta daga ɓangare mai alamar ƙari. Gwajin yana ba da zaɓin nuna kowanne, kuma ya kamata malami ya nuna duka biyun a rana ɗaya ya bayyana cewa al'adar zanen ta riga gano ilektiron ne.

Ta fuskar kayan aiki, gwaje-gwajen suna buɗewa a wayar hannu, amma haɗa wayoyin lantarki da yatsa a ƙaramin allo yana da wahala, kuma rubutun yana ƙanƙancewa. Kwamfutar cinya ɗaya da majigi, ko ma babban talabijin da aka jona, sun wadatar da aji guda, muddin malami zai riƙa kiran ɗalibai su fito su riƙe linzamin da kansu maimakon ya mayar da abin kallo. Inda akwai ɗakin kwamfuta, yara uku ko huɗu a kan na'ura ɗaya ya fi ɗaya shi kaɗai, domin gardamar da suke yi a tsakaninsu rabin darasin ce. Da Turanci na yi amfani da shi, tunda da shi ake rubuta jarrabawa, amma kalmomin da ke kan allon kaɗan ne, kuma ina yin bayanin da Hausa ba tare da wani cikas ba. Malaman Nijar za su same shi da Faransanci, akwai kuma Larabci, sannan tsarin yana bai wa masu sa-kai damar fassara gwaje-gwajen zuwa harsunansu, aikin da ya dace malaman kimiyya masu jin Hausa su sa hannu a cikinsa tare, domin a daidaita kalmomin da za a riƙa amfani da su.

Ga malamin da zai fara, shawarata ita ce kada ya sauke komai da komai. Ya ɗauki gwajin haɗa wayoyin lantarki, ya zauna da shi shi kaɗai na awa ɗaya kafin ya kai shi aji, ya shirya tambayoyi uku da ya san ɗalibansa za su kuskure. Ga uba ko uwa da ke da yaro mai shirin WAEC ko JAMB, a sauke masa na lilo da na sulu da na igiya, a ce ya buɗe littafinsa a gefe, duk ƙa'idar da ya karanta ya gwada ta ya rubuta lambobin da ya samu a kwafinsa, sannan ya kai wa malaminsa ya duba.